Ranar da Olindo Ya Ja Linzami

Ka shiga kasuwar Fossarola yau ka ce Olindo Baruzzi, sai ka ga mutane suna kallon juna. Amma ka ce "Ja-Baya", har waɗanda ba a haifa ba lokacin da abin ya faru sun san wanda kake nufi. Wannan suna yana ƙona mini rai. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni Argia ce na rufe masa ido ranar da ya cika. Saboda haka zan faɗi yadda aka yi, wanda ya ga dama ya yarda.

Babanmu ɗan amalanke ne, tsakuwa yake ɗaukowa daga bakin kogi. Duk sati yana fama da gumi da ƙura, amma ranar Lahadi bayan an taso daga coci sai ya wanke wuya, ya ɗaura jan ƙyalle, ya nufi Fage. Fage shi ne zagayen filin nan da ke bayan kasuwar shanu, inda ake tseren karusa. Karusar 'yar mitsitsiya ce, ƙafa biyu, kujera ɗaya, wutsiyar doki tana shafar gwiwar mai tuƙi. Kuma tseren namu na sassarfa ne. Doki ya yi duk saurin da Allah ya ba shi, amma da sassarfa. Da ya ɗaga ƙafafun gaba biyu tare ya fara sukuwa, mun ce ya karye, wajibi ne mai tuƙi ya ja linzami har ya dawo kan takunsa, ko da duk duniya za ta wuce shi. Wanda ya bar dokinsa ya ƙarasa da sukuwa, alƙalai su kore shi, 'yan kallo su bi shi da ruɓaɓɓen tumatir. Akwai wani da ya taɓa yi tun muna yara, sai da ya bar garin.

Baba da sanda ya koya wa Olindo wannan. Yakan zauna a bayansa a kan amalanke, da doki ya karye Olindo bai ja nan take ba, sai ƙwas a kan yatsu.

"Kada ka tsaya tunani, ɗan banza," in ji Baba. "Kanka bai da aiki a nan. Hannu ne zai ji, hannu ne zai ja."

Olindo bai kai ga fitar gemu ba hannunsa ya riga ya haddace. Ko barci yake a kujera, ka buga tebur da yatsu irin takun sukuwa, sai ka ga hannayensa sun zabura sun koma ƙirji. Mun sha yi masa haka don mu yi dariya.

Ya yi shekaru yana tuƙa dawakin masu gonaki, ya ci musu tsere, su karɓi tuta, shi a ba shi kwalbar ruwan inabi da shafa kafaɗa. Sai da furfura ta fara leƙo masa sannan ya sami tasa. Wata duƙusa ce baƙa, ramammiya, mai tari, da wani manomi ya gaji da ita. Ranar da ya jawo ta gida na riƙe haɓa.

"Yaya, wannan ta tsere ce ko ta miya?"

"Dubi ƙafarta ta baya," ya ce. "Ke dai dubi ƙafar."

Ya sa mata suna Nerina. A ɗakin girki ta yi sanyin farko, kusa da murhu, ni ina zagi ina share kashi. Akwai wata Zaira da ta jira shi shekara da shekaru, ranar da ta zo ta tarar yana ba goɗiya ɗanyen ƙwai a cokali, ta ce masa ai ya riga ya yi aure, Allah ya ba da zaman lafiya. Ta auri mai gidan burodi, ta yi ƙiba, ban ga laifinta ba.

Da Nerina ta murmure sai halinta ya fito. Wallahi ban taɓa ganin dabba mai son sukuwa irinta ba. Ka sake ta a ciyawa, sai ta miƙe wuya ta yi ta tsala gudu ba mai bin ta, don daɗi kawai. Masu dawaki suka ce wa Olindo ya sayar wa soja, wannan ba za ta taɓa riƙe sassarfa ba. Shi kuwa kullum da sassafe ya ɗaura mata karusa, su hau kan jingar kogi, doguwar hanyar nan miƙaƙƙiya. Ta karye, ya ja. Ta sake karyewa, ya sake ja. Bai taɓa sa mata bulala ba, magana kawai yake mata ƙasa-ƙasa: "A hankali, 'yar gidana. A hankali." Haka suka yi ta yi, rani da damina, har ta daina. Daga nan fa aka san shi. Garuruwan kewaye duk shi da ita sun je sun ci, kuma abin da ake faɗa ɗaya ne: goɗiyar Baruzzi ba ta karyewa. Ni ina da rumfar gurasa da cuku a bakin Fage, ina jin ana faɗa, kaina yana kumbura.

Keken farko da ya shigo garinmu na mai kantin magani ne, irin mai ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya. Ya hau da tsani, ya sauka da ka a cikin lambatu. Mun yi dariya har da hawaye. Olindo ya ce in dai wannan ne dokin ƙarfen, to a bar shi ya kashe masu shi da kansa. Ba mu san dariyar ta ƙare daga ranar ba. 'Yan shekaru kaɗan sai ga wasu iri, ƙafafu daidai, da roba mai iska a jiki, ba sa ƙara, sai dai ka ji shuuu a bayanka da 'yar ƙararrawa. Samari suka haukace. Suka kafa ƙungiya, suka ɗinka hula iri ɗaya, suka fara yawo da wando iya gwiwa kamar marasa iyaye.

Wanda ya fi su gudu shi ne Dovilio, ɗan Egisto maƙeri. Egisto kuwa aminin Olindo ne tun suna cin ƙasa, shi yake buga wa Nerina takalmi. Dovilio a gabanmu ya girma, na sha ba shi gurasa kyauta. Yaron ba shi da rashin kunya, gaskiya ɗaya ce, sai dai cinyoyinsa sun yi kamar na ɗan maraƙi, kuma idonsa ba ya ganin komai sai keke.

Rigimar a kan Fage ta tashi. Masu keke suka ce ƙasar filin tana cinye musu ƙafa, kofato yana tona rami, suna so a zuba siminti, a ɗaga wuraren shan kwana su karkata kamar bakin akushi. Masu dawaki suka ce doki ba ya taka siminti, in an zuba an kashe su ke nan. Fili ɗaya ne, ba zai ɗauki biyun ba. Magajin garinmu na lokacin kuwa matsoraci ne, da ƙuda zai yi masa tsawa sai ya nemi afuwa. Surukinsa mai dawaki, ɗansa mai keke. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ce a ranar bikin waliyyin gari a kara, doki ɗaya da keke ɗaya, wanda ya riga tsallake layi ɓangarensa ya riƙe Fage.

Wani daga cikin samarin ya tambaya ko dokin da sassarfa zai zo. Magajin gari ya ce shi bai san wannan ba, keke ai ba shi da sassarfa ba shi da sukuwa, kowa ya zo yadda ƙafarsa ta iya, layi kawai za a duba. Ina wurin, da kunnena na ji.

Ba a yi wata shawara ba, kowa ya san Nerina ce, kowa ya san Dovilio ne. Ana saura 'yan kwanaki, tsofaffin masu dawaki suka cika rumfata suna cika baki. Dovilio ya zo wucewa yana tura kekensa, ya cire hula.

"Barka da hutawa, Kawu Olindo."

"Yauwa, ɗan Egisto. Me dokin naka ya ci yau? Na ga haƙarƙarinsa a waje."

"Mai kaɗan na ɗiga masa, Kawu. Ba ya cin dusa, ba ya kashi."

"Ba ya kuma sanin mai shi. In ka mutu gobe, wani zai hau ya tafi, ko waiwaye ba zai yi ba."

Aka tuntsire da dariya, har da yaron. Ya ce, "Kawu, ni dai kada ka riƙe ni a zuciya."

"Je ka ci abinci da kyau," in ji Olindo. "Ba na son a ce na kayar da mai yunwa."

Ranar biki da safe Egisto ya zo da kayan aikinsa ya sake wa Nerina takalma. Ɗansa ne zai kara da ita, amma ya zauna ya goge kowace ƙusa, ya ɗaga kofato ya duba ya sake dubawa. Da ya gama ya shafa wuyanta ya fita, idonsa ja. Ni kuma na tare Yaya a bakin barga na kama masa riga.

"Ka ji abin da magajin gari ya ce ko? Layi kawai. In ta so sukuwa, ka bar ta."

"Nerina ba ta karyewa."

"Ban tambaye ka ba. Na ce in ta so, ka sake mata. Yau ba alƙali, ba tumatir. Ka ji ni?"

"Na ji, uwar surutu. Je ki toya gurasarki."

Fage ya cika har kan bishiyoyi. Fada, limamin cocinmu, ya sa wa doki albarka, ya tsaya yana kallon keken, sannan ya yayyafa masa ruwa shi ma, wai kada a ce ya yi son kai. Aka buga bindiga. Zagayen farko Nerina ta bar yaron a baya sosai, kofatonta yana kaɗa ƙasa daidai wa daida kamar agogo, masu dawaki suna ihu suna jifa da huluna. Na ce a raina an gama. Amma tseren dogo ne, samarin su suka nemi a tsawaita shi, tsofaffinmu kuma don girman kai suka yarda. Doki yana gajiya da nauyin da yake ja. Yaron ya sunkuyar da kai, bai ƙara sauri ba, bai rage ba, yana ta matsowa a hankali. Kumfa ta fara fito wa Nerina a wuya. Ana shiga zagayen ƙarshe ya kamo su, ya kaɗa 'yar ƙararrawarsa, ya wuce.

Ba a taɓa wuce Nerina a Fage ba. Na ga kunnuwanta sun kwanta. A kwanar ƙarshe, daidai gaban rumfata, ta miƙe wuya, ta ɗaga ƙafafun gaba biyu, ta zuba sukuwa. Wayyo Allah, irin gudun nan na ƙuruciyarta da na ɗauka ya mutu! Karusar har tashi take daga ƙasa. Kafin ka ƙifta ido hancinta ya kai ƙafar keken ta baya, ya kai cinyar yaron, ya kai kafaɗarsa. Layi yana can gaba kaɗan. Na hau kan tebur ina ihu, "Sake mata! Sake mata, Yaya!"

Sai na ga hannayensa sun koma ƙirji.

Ya ja. Kan goɗiyar ya ɗago, bakinta ya buɗe, ta yi tuntuɓe ɗaya, ta dawo kan sassarfa tsaf. Dovilio ya tsallake layi, Nerina tana biye da shi da taku mai kyau wanda ba alƙalin da zai kushe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a daidai lokacin da ta karye, tsofaffin nan da ke jingine da shinge, su ma na ji suna cewa "Ja! Ja ta!" Bakinsu ne ya faɗa kafin kansu ya tuna. Amma da yamma a gidan giya, su ne suka fara kiran sa Ja-Baya. Wani ya ce Egisto ne ya saye shi. Wani ya ce tsufa ne. Munafukai, duk cikinsu ba wanda da shi ne a kujerar nan ba zai ja ba.

Na same shi a barga yana goge mata gumi da ingirici. Na zo da zagi cike da baki. Ya miƙo mini hannayensa biyu.

"Argia, wallahi na ji ki. Ina jin muryarki. A cikin kaina cewa nake tafi, tafi. Ban san lokacin da suka ja ba."

Na haɗiye zagin, na ɗauki bokiti na ɗebo mata ruwa.

Da sanyi ya wuce aka fara aikin siminti. Masu gonaki suka kwashe dawakinsu suka koma tsere a manyan birane, inda ɗan amalanke ba shi da wurin kwana balle barga. Ba wanda ya sake kiran Olindo tuƙi. Aikin da ya rage a garin ɗaya ne, ɗaukar tsakuwa daga kogi zuwa Fage. Ya fito da tsohuwar amalanken Baba ya ɗaura wa Nerina. Na ce masa, "Yaya, ba ka da zuciya ne? Kai za ka kai musu?" Ya ce dusa ba ta san zuciya ba. Haka goɗiyar da ta ci garuruwa ta yi ta jan dutsen da aka binne filinta da shi. In sun sauke kaya suna dawowa fanko, sai ta ɗauki sassarfarta mai kyau, yara suna bin su a baya suna "Ja-Baya, ja ta!" Dovilio ya taɓa kama ɗaya ya mare shi. Ya kuma zo gida sau biyu da hula a hannu, Olindo ya ba shi kujera da ruwan inabi. Egisto bai daina buga mata takalmi ba, amma hirarsu ta mutu.

Da aka gama simintin, aikin tsakuwa ya ƙare. Sauran kaya kuma jirgin ƙasa ya kwashe. Olindo ya shiga cikin masu turin baro da ke gyaran jinga, yana fita tun duhu-duhu, ita kuma tana tsaye a barga tana cin abin da ba shi da halin saya. Ya jure shekara biyu ko uku. Daga ƙarshe mai gidan bulo ya ce zai karɓe ta. Kowa ya san aikin doki a gidan bulo: a ɗaure masa ido da tsumma, ya yi ta zagaya ramin laka yana juya itacen kwaɓi, har ƙafa ta ƙi.

Ranar da za a kai ta, ya tashe ni da sassafe. Ya aro 'yar karusa mai kujera biyu, ya goge Nerina har tana sheƙi, ya tsefe mata geza. Ya ce in zo in raka su. Muka hau kan jinga, hanyar nan da ya koya mata taku. Ba kowa, sai hazo a kan ruwa. Ta ɗauki sassarfa, kuma wallahi ƙarfinta yana nan, ina jin iska tana dukan fuskata.

Sai na ga ya ɗaura linzamin a ƙarfen gaban karusa, sako-sako, ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kai.

"Yaya, kashe mu za ka yi?"

Ya sunkuya wajen wutsiyarta.

"Tafi, 'yar gidana. Yau ba mai ja. Tafi abinki."

Ta juya kunne ɗaya baya, ta ƙara sauri, da sassarfa. Ya yi mata fito. Ya buga ƙafa a katako. Ya yi ihu irin na makiyaya, shi da bai taɓa ɗaga mata murya ba. "Yi sukuwa mana! Karye! Don Allah karye, Nerina!" Linzami yana lilo a gefen wuyanta, hanya a buɗe har inda ido ya ƙare. Ta ƙara sauri, ta sake ƙarawa, ƙafa bayan ƙafa, daidai wa daida, ko sau ɗaya ba ta haɗa na gaba ba. Ni ma na sa baki, ina kuka ina kiran sunanta. A banza. Haka ta kai mu har ƙarshen jinga, ta tsaya da kanta a inda suka saba juyawa, ta waiwayo tana jiran ya ce mata ta yi daidai.

Ya daɗe a zaune a kan hannayensa. Sannan ya sauka, ya kama kanta ya jingina goshinsa da nata.

"Kin yi daidai," ya ce. "Ni ne na koya miki."

Gidan bulo yana gangaren jingar. Ya ce in jira a nan. Na ga ya ƙi karɓar tsumman yaran gidan, ya kwance jan ƙyallen wuyansa, irin na Baba, shi da kansa ya ɗaure mata ido. Karusar kuwa mu biyu muka jawo ta zuwa gida, shi a gaba tsakanin sandunan, ni ina turawa a baya.